Sukari a sito, jirgi a teku: kayan ajiya a lissafin arzikin tsibirin Morishus

Idan hukumar ƙididdiga ta Morishus ta fitar da lissafin abin da ƙasar ta samar a shekara, akwai wani layi da ba kasafai ido yake tsayawa a kansa ba. Yana zuwa ne bayan kuɗin da gidaje suka kashe, da na gwamnati, da jarin da aka zuba a gine-gine da injuna. Shi ne canjin kayan ajiya, wato bambancin da ke tsakanin hajar da take jibge a hannun kamfanoni da 'yan kasuwa ranar da shekara ta kama, da wadda ta rage ranar da ta ƙare. Ɗan kasuwar da ya shiga Janairu da dila 100, ya fita Disamba da dila 130, an rubuta masa ƙarin 30. In kuwa 80 suka rage masa, ragin 20 ne. Sai a tara na kowa da kowa: ɗanyen kayan da masana'antu suka sayo ba su taɓa ba tukuna, da wanda aka fara sarrafawa ba a gama ba, da wanda aka gama amma mai saye bai zo ba.

Dalilin sa wannan layi a lissafi mai sauƙi ne. Buhun sukarin da aka yi bana aikin bana ne, ko da sai baɗi za a sayar da shi. In ba a ba shi gurbi ba, lissafin abin da aka samar da na abin da aka kashe ba za su taɓa haɗuwa ba. Haka ma kayan da aka shigo da su daga waje: an cire kuɗinsu daga arzikin ƙasa tun ranar da suka sauka a tasha, to in ba a yi amfani da su ba a shekarar, dole a nuna inda suka kwana.

A babbar ƙasa wannan adadi yakan ɗan lafa, domin abin da ya taru a wannan jiha ya ragu a waccan. Morishus ba ta da wannan gata. Tsibiri ne a tekun Indiya, gabas da Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka. Faɗin ƙasar duka bai wuce murabba'in kilomita 2,040 ba, mutanenta kuma wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da wani abu. Babbar tashar jiragen ruwa ɗaya ce, a Port Louis, babban birnin ƙasar. Kusan kashi uku cikin huɗu na abincin da ake ci daga waje yake zuwa, man fetur kuwa ko ɗigo ba a haƙowa. A irin wannan wuri, jirgi ɗaya ya iso ranar 29 ga Disamba maimakon 3 ga Janairu, ya isa ya motsa adadin shekara guda. Shi ya sa duk wanda ya bi wannan layi shekara da shekaru zai ga yana tsalle sama da ƙasa, kuma abin da ke sa shi tsallen ya sauya fuska har sau uku ko huɗu tun daga samun 'yancin kai a 1968.

Zamanin sukari

Lokacin da Turawan Birtaniya suka miƙa mulki ranar 12 ga Maris 1968, fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da Morishus ke fitarwa waje sukari ne. Kayan ajiyar ƙasar, in an yi maganar gaskiya, sukari ne da 'yan kayan kanti.

Rake yana da kalandarsa. Ana fara yanka wajen watan Yuni, ana gamawa a Nuwamba ko Disamba. A cikin waɗannan watanni shida injuna ke matse amfanin shekara gaba ɗaya, amma jiragen da ke kwasa zuwa Turai ba sa iya ɗauke shi a lokaci guda, sai a hankali har cikin shekara mai zuwa. Don haka ranar 31 ga Disamba, ranar da ake rufe littafi, ta faɗo daidai lokacin da sito ya fi cika. Wanda ya san labarin dalar gyaɗa ta Kano, yadda buhuna ke taruwa bayan kaka suna jiran jirgin ƙasa ya kai su Legas, ya fahimci abin. Tulin ba alamar kasuwa ta mutu ba ne, hanyar fitarwa ce ta fi kakar ƙunci.

Mai saye kuwa tabbatacce ne. Tun 1951 akwai yarjejeniyar sukari ta ƙasashen renon Ingila, sannan a 1975 aka ƙulla ta Lome da ƙasashen Turai, wadda ta ba Morishus damar sayar da kimanin tan 500,000 duk shekara a kan farashin da yawanci ya ɗara na kasuwar duniya nesa ba kusa ba. Kason Morishus shi ne mafi girma a cikin duk ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar. Hukuma ɗaya ce, Mauritius Sugar Syndicate, take sayar da sukarin kowa, babban mai gona da ƙarami. Saboda haka sukarin da ke sito a ƙarshen shekara kamar kuɗi ne a aljihu, ba a maganar kwantai.

Abin da ke girgiza adadin shi ne sama. A Fabrairun 1960 mahaukaciyar guguwar Carol ta rage amfanin shekarar zuwa ƙasa da rabin abin da aka saba. A 1973 aka samu kaka mafi albarka a tarihin tsibirin, fiye da tan 700,000, shekarar da ta biyo baya kuma farashin sukari ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kuɗi ya shigo kamar ruwa. Ba a gama murna ba sai ga guguwar Gervaise a Fabrairun 1975, amfani ya sauko ƙasa da tan 500,000. Haka aka sake yi a 1980, bayan guguwar Claudette ta Disambar 1979 da ruwan da ya biyo bayanta, shekarar da arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari.

A lura da yadda irin wannan masifa take shiga lissafi, domin nan ne masu karatu da yawa ke ruɗewa. Guguwar Fabrairu tana lalata raken da ke gona, wanda za a yanka daga Yuni. Amma a watannin farko na shekarar, jirage suna nan suna lodin sukarin bara. To sai shekara ta ƙare, alƙaluman fitar da kaya ba su faɗi sosai ba, domin rabin shekara an ci guzurin bara. Inda ɓarnar ta ɓuya shi ne sito: an shiga shekara yana cike, an fita yana da saura kaɗan. Layin kayan ajiya ya nuna ragi mai yawa. A shekara mai zuwa sai abin ya juya, kaka ta yi kyau, sito ya cika, layin ya yi sama, amma kuɗin fitar da kaya ya ragu saboda babu abin lodi a farkon shekarar. Wanda ya dubi fitar da kaya kaɗai zai ce shekarar guguwa ta fi shekarar farfaɗowa kyau. Farin 1999 ya maimaita wannan darasi: daga fiye da tan 600,000 a 1998, amfanin ya faɗo ƙasa da 400,000.

Bayan sama, sai tasha. Har ƙarshen shekarun 1970, a buhu ake ɗaukar sukari, 'yan dako su loda a kwale-kwale, kwale-kwale su kai wa jirgin da ke tsaye a cikin ruwa. Jirgi ɗaya yakan ɗauki makonni. Idan 'yan dakon tasha suka tafi yajin aiki, kamar yadda suka yi a 1971 har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, sukari ya zauna ke nan, kayan shigowa kuma su ƙare a kantuna. A 1980 aka buɗe babbar ma'ajiyar sukari a Port Louis, rumfuna biyu manya da ake zuba sukari tsurarsa ba buhu, bel yana kai shi cikin jirgi kai tsaye. Lodin da ke cin makonni ya koma na 'yan kwanaki. Aikin 'yan dako da yawa ya tafi da wannan canji, amma shi ma'aikacin ƙididdiga ya huta, domin yanzu babban kason kayan ajiyar ƙasar yana wuri ɗaya, an auna shi a sikeli.

Akwai kuma tarkon farashi. A Oktoban 1979, da kuma Satumban 1981, gwamnati ta karya darajar rupi, kuɗin ƙasar, a ƙarƙashin shirin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ɗan kasuwar da ya kwana da kayan waje a sito ya wayi gari kuɗinsu a rupi ya ƙaru, alhali ko kwali ɗaya bai ƙaru ba. A littafinsa riba ce. A lissafin ƙasa kuwa ƙa'ida ta ce a cire irin wannan ƙari, domin ba wani abu aka samar ba. Faɗin ƙa'idar ya fi aikata ta sauƙi, tunda littattafan 'yan kasuwa ake dogaro da su, kuma kowa da yadda yake yi wa tsohuwar hajarsa kuɗi. Duk shekarar da rupi ya faɗi ko farashi ya hau, adadin yana bukatar a karanta shi da taka-tsantsan.

Zare da yadi

A 1970 aka yi dokar yankin masana'antun fitar da kaya, wadda ta yafe haraji a kan ɗanyen kayan da aka shigo da su don a sarrafa a sake fitarwa. Da farko abin ya tafi a hankali. A shekarun 1980 ne ya kankama, lokacin da masu jari daga Hong Kong suka kwararo, wasu don gudun iyakar da Turai da Amurka suka sa wa tufafin ƙasarsu, wasu kuma saboda zullumin komawar yankinsu hannun Sin. Wajen 1985 kuɗin da tufafi ke kawowa ya zarce na sukari, kafin ƙarshen shekarun kuma ma'aikatan waɗannan masana'antu sun kai wajen 90,000. Ƙasar da ba ta kiwon tumaki ta zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da saƙaƙƙun rigunan ulu a duniya.

Wannan ya canza ma'anar layin baki ɗaya. Sukari kaya ne da aka gama yana jiran jirgi. Zare da yadi da ulu da rini kuwa kaya ne da jirgi ya kawo suna jiran aiki. Masaƙar da take tsakiyar teku, makonni tsakaninta da mai sayar mata da zare a Asiya, makonni kuma tsakaninta da mai sayen riga a Faransa ko Ingila, ba za ta iya zaman hannu baka hannu ƙwarya ba. Dole ta tara na watanni. Kuma tufafin sanyin Turai tun da bazararsu ake ɗinka su, don haka akwai lokacin da sito ke cika da ulu, akwai lokacin da yake cika da rigunan da aka gama.

A nan ne ƙarin kayan ajiya ya zama mai baki biyu. Idan oda ta yi yawa, kamfani ya sayo zare da yawa, layin ya hau, wannan alheri ne da ke tafe. Idan mai saye ya soke oda, riguna suka yi kwantai, layin ya hau daidai wa daida, amma wannan sallamar ma'aikata ce ke tafe. Adadi ɗaya, labari biyu. Sai an haɗa shi da alƙaluman fitar da kaya na watannin da suka biyo baya kafin a san wanne ne.

Ragi ma haka. Ranar 1 ga Janairun 2005 tsarin kason tufafi na duniya ya ƙare, Sin da Indiya da Bangaladash suka shiga kasuwannin Turai da Amurka ba shamaki. Tun kafin ranar ta zo, kamfanonin Hong Kong da dama suka fara tattara nasu ya nasu. A 'yan shekarun nan fiye da ma'aikata 20,000 suka rasa aiki. Masana'antar da za ta rufe tana daina sayo zare, ta ƙarasa wanda ke hannu, ta karyar da saura. A takarda wannan ragin kayan ajiya ne, kamar dai na shekarar da kasuwa ta yi zafi aka kwashe komai.

Kusan a lokaci guda ɗaya ƙafar ma ta gurɗe. Tarayyar Turai ta rage farashin da take biya na sukari da kashi 36 cikin ɗari daga 2006, yarjejeniyar sukarin da aka ƙulla a Lome kuma ta ƙare a 2009. Morishus ta koma tace farin sukari da yin nau'o'i na musamman masu tsada, waɗanda ake ɗurawa a buhu a sa a kwantena. Babbar ma'ajiyar 1980 ta rasa aikin da aka gina ta dominsa. Injunan matse rake da suka kai kusan ashirin a shekarun 1990 sun koma uku, amfanin shekara kuma ya sauko ƙasa da tan 300,000. Sukarin da a shekarun 1970 yake ɗauke da kusan rubu'in arzikin ƙasa yau bai kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Abin da ake ci da abin da ake ƙonawa

Akwai wani ɓangare na ajiyar da bai taɓa barin tsibirin ba, ko wace sana'a ce ke tashe. Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana, a Morishus kuwa gwamnati ce ta ɗauki nauyin wani kaso na wannan magani. Kamfanin cinikayya na gwamnati, State Trading Corporation, wanda dokar 1982 ta kafa, shi ke shigo da fetur da dizal da man jirgin sama da iskar gas ta girki, da fulawa da shinkafar da ake sayarwa da rangwame. Wata hukumar, ta kasuwancin amfanin gona, wadda ta girme shi, tana ajiye dankalin Turawa da albasa da tafarnuwa a ɗakunan sanyi don cike giɓin lokacin da na gida ya ƙare. Hajar waɗannan hukumomi ma tana cikin layin da muke magana.

Man fetur da dangoginsa sun fi komai iya motsa wannan layi. A jirgin dakon mai man yake zuwa, lodi ɗaya na kwanaki masu yawa, kuma kuɗinsa babban kaso ne na abin da ƙasar ke kashewa a waje. Tun da aka kafa tashar da babu haraji a 1992, sai ga wani sabon nau'i: kayan da ke sauka a Port Louis don wucewa wata ƙasa, da daskararren kifin tuna da ke jiran masana'antun gwangwani. A shekarun baya-bayan nan kuma an samu manyan gidaje da ake ginawa a tsofaffin gonakin rake don sayar wa baƙi. Ginin da ba a gama ba kuma ba a ƙulla cinikinsa ba, a ƙa'idar lissafin ƙasa, shi ma aiki ne da ke hannu, cikin kayan ajiya ake lissafa shi.

Ƙanƙantar tsibirin ta sa hukumar ƙididdiga takan fitar da adadin jari iri biyu, ɗaya da jiragen sama da na ruwa, ɗaya babu su, domin sayen jirgin sama guda yana iya sa a ɗauka ƙasar ta shiga wani sabon zamani. Jirgi jari ne, ba haja ba, amma cutar iri ɗaya ce: abu ɗaya babba a cikin ƙaramin kwano.

Sannan akwai maganar da masu lissafi suka sani, 'yan jarida ba su cika faɗa ba. Ba wanda yake zagayawa kanti-kanti yana ƙirga kwalaye ranar 31 ga Disamba. A ƙasashe da dama, bayan an samu na manyan kaya irin su sukari da mai, sauran ana fitar da shi ne ta hanyar ragi: a ɗauki abin da aka samar da wanda aka shigo da shi, a cire wanda aka san an ci, an gina, an fitar, abin da ya rage a kira shi canjin kayan ajiya. Ke nan duk kuskuren da aka yi a sauran layuka nan yake gangarowa. A ganina wannan kaɗai ya isa ya hana mutum gina dogon sharhi a kan adadin shekara guda, musamman na farko da ake fitarwa kafin a yi masa gyara.

Shekarar 2020

Annobar korona ta gwada komai a lokaci ɗaya. An samu masu cutar na farko ranar 18 ga Maris, aka rufe iyaka, aka kulle ƙasa ranar 20. Daga 24 ga watan har manyan kantuna da gidajen burodi aka rufe. Da aka buɗe su ranar 2 ga Afrilu, sai aka raba wa mutane ranakun cefane bisa harafin farko na sunan iyalinsu, kowane rukuni kwana biyu a mako.

Mutane suka kwashi shinkafa da fulawa da kayan gwangwani, kamar yadda suka saba yi duk lokacin da aka yi gargaɗin guguwa, sai dai wannan karon babu wanda ya san ranar wucewarta. Buhun shinkafar da ya bar kanti ya shiga ɗakin girkin wani gida, a lissafin ƙasa an cinye shi, ko da zai yi wata uku ba a buɗe ba. Don haka kayan ajiyar kantuna suka ragu, cin gidaje ya ƙaru a takarda, alhali shinkafar tana nan a tsibirin, mazauni kawai ta sauya.

A ɗaya gefen kuma kaya ne suka rasa mai ɗauka. Baƙi masu yawon buɗe ido da suka kusa kai miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a 2019 suka koma wajen dubu ɗari uku a 2020, mafi yawansu ma kafin a rufe iyaka suka zo. Otal-otal da masu kai musu abinci da abin sha suka zauna da hajar da aka sayo don baƙin da ba su zo ba, wadda ke lalacewa ta lalace. Man jirgin sama ya zauna a tanki. Masu sayen tufafi a Turai suka soke oda ko suka ɗage. Arzikin ƙasar ya ragu da fiye da kashi 14 cikin ɗari a shekarar, faɗuwar da ta zarce ta 1980. Layin kayan ajiya na wannan shekara tarin abubuwa ne masu jan juna, kantin da aka wawushe da siton da ya yi kwantai duk a cikin adadi ɗaya.

Ba a buɗe iyaka gaba ɗaya ba sai 1 ga Oktoban 2021. Kafin nan kuɗin dakon kwantena ya ninninka a duniya, jirage suna makara ko su tsallake ƙananan tashoshi, rupi kuma yana ta sauka. Mai shigo da kaya a Port Louis ya tsinci kansa tsakanin abu biyu: ya sayo da yawa ya ɗaure jarinsa a sito yana biyan kuɗin ruwa ga banki, ko ya sayo daidai bukata ya zauna da kanti wayam in jirgi ya yi latti. Manyan kamfanoni da banki ke ba su rance sun iya zaɓar na farko. Ƙaramin mai kanti kuwa sai abin da dillalinsa ya samu.

Yau kusan kashi uku cikin huɗu na arzikin Morishus daga ayyukan hidima yake fitowa, yawon buɗe ido da bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi da na sadarwa. Ɗakin otal da ya kwana babu baƙo ba a ajiye shi don gobe, shawarar lauya ma ba ta da sito. Saboda haka nauyin wannan layi a kan jimillar arzikin ƙasa ya ragu idan aka kwatanta da zamanin da kakar rake ɗaya ke yanke hukuncin shekara. Abin da ya rage a cikinsa galibi kayan da teku ke kawowa ne. A Janairun 2024, da guguwar Belal ta cika titunan Port Louis da ruwa har motoci suna yawo a kai, tasha ta tsaya, kuma abin da mutanen tsibirin suka ci a kwanakin shi ne wanda ya riga ya sauka kafin iska ta taso.